Tsohuwar Mota ko Rufin Ɗaki?

A wannan fitowa ina so mu zauna mu auna wata tambaya wadda mai ji zai ɗauka ta ciniki ce kawai, alhali kuwa ta taɓa lamiri, ta kuma taɓa zaman aure. Wani ƙanena ne ya kawo mini ita, malamin makarantar firamare da ke zaune a gidan haya cikin garin Ikara, shi da matarsa da 'ya'yansu huɗu. Ya yarda in rubuta zancen, muddin ban ambaci sunansa ba.

Shekara shida ke nan yana zubin adashi, yana ƙarawa da ɗan abin da yake samu daga gonarsa ta masara. Da kwasar farko ya sayi fuloti a bayan gari, aka haƙa harsashi, aka ɗora bulo har ya kai tagogi. Abin da ke hannunsa yanzu zai iya kai ginin ga linta, a sayi katako da kwano, a rufe ɗaki biyu da falo. Ana cikin haka sai wata hidima ta kai shi Sabon Garin Zariya. A wani gareji, a gindin darbejiya, ya ga tsohuwar Land Rover koriya, tayoyinta sun sace, an rubuta a gilashinta cewa ta sayarwa ce. Kuɗin da aka sa mata ya yi kusa da abin da ya tara. Tun daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Da ya zo wurina, bayan mun gaisa, ya ce, "Yaya, na san za ka ce wauta ce, amma ka saurare ni tukuna." Na saurare shi, ya kuwa kawo hujjoji huɗu. Ya ce yana ɗan shekara bakwai zazzaɓi mai tsanani ya kama shi a tsakiyar damina, rafi ya cika, babu motar da ta iya shiga ƙauyenmu sai irin wannan, ta ma'aikatan lafiya na mishan, ita ta kai shi asibiti a Zariya. Ya ce har yau hanyar ƙauyen takan lalace a watan Agusta, ga shi tsohuwarsa tana can. Ya ce motar za ta yi masa jigilar kayan gona ta mayar da kuɗinta. Daga ƙarshe ya ce kuɗi yana narkewa a asusu, dillali kuma ya tabbatar masa cewa irin wannan mota darajarta hawa take yi.

Na tambaye shi abin da uwargidansa ta ce. Ya sunkuyar da kai, ya ce tambaya ɗaya ta yi masa: "Maigida, in aka sake ƙara mana kuɗin haya, a cikin motar za mu kwana?"

Abin da ya sa motar take jan zuciya

Kafin mu yanke wa ƙanena hukunci, ya kamata mu san abin da ya gani. Kamfanin Rover na Ingila ya fara nuna Land Rover a baje kolin motoci na birnin Amsterdam a 1948, shekara uku bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, saboda haka aka ƙera gangar jikinta da alminiyam, wanda muke kira goran-ruwa, aka ɗora ta a kan ƙashi na ƙarfe. Domin manoma aka yi ta tun asali. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, cikinta ya yi nisa da ƙasa, injinta kuma ba shi da sarƙaƙiya, bakanike mai hankali yana iya kwance shi a inuwar bishiya. Samfurin da ƙanena ya gani shi ne wanda ake kira Series III, da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Magajiyarta, wadda aka sa wa suna Defender a 1990, an daina ƙera ta a tsohuwar siffarta a Janairun 2016.

A ƙasarmu wannan mota tana da tarihi. Waɗanda suka manyanta a Makarfi da Ikara da Hunkuyi suna tuna cewa a cikinta malaman gona da malaman dabbobi suke zuwa, da masu allurar rigakafi, da 'yan sanda, da firistocin mishan. Jin ƙararta daga nesa yakan nuna cewa wani abu mai muhimmanci ya iso gari. Saboda haka wanda ya ga tsohuwarta a gareji, zuciyarsa ta motsa, bai yi abin kunya ba. Ƙanena yana ganin motar da ta ceci ransa. Godiya ce take motsi a cikinsa, godiya kuwa hali ne mai kyau. Abin da ya rage mu bincika shi ne ko sayen motar ita ce hanyar biyan wannan godiya, da kuma wanda zai biya kuɗinta na gaskiya.

Hujjar aiki

Bari mu ɗauki maganar jigila, gama ita ce ta fi kama da hankali. Ƙasarmu ƙasar noma ce. Makarfi ta yi suna da rake, Ikara da tumatir, Kudan da tumatir da barkono da rake. Amma mu tambayi kanmu: a wane lokaci ake ɗaukar waɗannan kaya? Ana saran rake bayan ruwa ya ɗauke. Yawancin tumatirin da ke cika kasuwa na noman rani ne. Masara da dawa ana kawo su gida da kaka. Watau lokacin da kaya suke da yawa, hanya ta bushe, a-kori-kura da babur mai ƙafa uku da manyan motoci duk suna shiga har bakin fadama, suna kuma ɗaukar abin da ya fi na Land Rover a kan kuɗi kaɗan. Lokacin da ita kaɗai take iya ratsa taɓo, kayan ɗauka sun yi ƙaranci. Ƙarfin da ake yabonta da shi, ba a cika biyan kuɗinsa a kasuwa ba.

Hanyoyi ma sun sauya. Gwamnatin Ahmed Mohammed Makarfi, daga 1999 zuwa 2007, ta yi suna wajen shimfiɗa hanyoyin karkara a wannan jiha, babura kuma sun yawaita, har suna shiga lungunan da a dā sai da jaki. Hakika akwai ƙauyukan da har yanzu rafi yakan yanke su da damina, amma kwanakin da hakan ke faruwa a shekara ana iya ƙirga su.

Sai kuma cin motar. Mafi ƙuruciya a cikin wannan samfuri ta kai shekara 40. Goran-ruwa ba ya tsatsa kamar ƙarfe, shi ya sa jikinta yakan ruɗi ido, amma ƙashin da ke ƙarƙashi ƙarfe ne, yana kuma ruɓewa inda mai saye ba ya leƙawa. Kafireto da lagireto da giyabos da birki duk sun tsufa tare. Kayan gyaran Peugeot suna da sauƙin samu domin an shekara da shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna tun 1975, na Toyota ma sun cika kasuwa. Na tsohuwar Land Rover kuwa sai an yi tattaki zuwa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci a dawo hannu rabbana. Ga shan mai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Injin da aka ƙera a zamanin da mai yake da araha bai san an yi wannan sauyi ba.

Abin da gona za ta bayar ma ba shi da tabbas. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman. A irin wannan shekara mai mota ba shi da abin ɗauka, amma taya da batir da takardun mota ba sa jira. Kuɗin da ake miƙa wa dillali ran ciniki kafin alkalami ne kawai. Sauran ana biyansa wata-wata, har ranar da za a rabu da motar.

Hujjar narkewar kuɗi

A nan ƙanena yana da gaskiya, kuma bai kamata a raina ta ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ajiye naira 100,000 a ƙarƙashin katifa shekara guda kafin nan, abin da za ta saya masa ya koma na kusan naira 74,000. Buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Mutumin da ya ce zai ci gaba da tara takardun kuɗi har su isa gina gida gaba ɗaya yana kama da mai bin inuwarsa da yamma. Iyayenmu sun koya mana ajiya, amma ajiyarsu a rumbu take da garke, inda abin yake riƙe darajarsa ko ya haihu.

Sai dai wannan hujja ba ta kai mu gareji ba. Idan kuɗi yana narkewa, abin da hankali ya nuna shi ne a mayar da shi abin da ake bukata tun bai narke ba. Bandir ɗin kwano da aka saya bana ya tsere wa farashin baɗi. Haka rodi, haka bulon da aka buga aka ɗora. Siminti kaɗai ne ba a ajiyewa da daɗewa, gama yana daskarewa, sai a saye shi lokacin da magini ya shirya. Ta haka mutanenmu da yawa suka gina gidajensu, layi bisa layi, kwasar adashi bayan kwasar adashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Game da zancen dillali kuwa, akwai ƙanshin gaskiya a ciki. A Ingila da Amurka akwai masu sha'awar tsofaffin motoci waɗanda suke biyan kuɗi mai yawa a kan Land Rover da aka sabunta ta daga ƙashi har fenti. Amma waɗannan masu saye ba sa zuwa kasuwar Makarfi, sabuntawar da suke nema kuma ta fi kuɗin motar tsada. Ranar da ƙanena zai bukaci kuɗi da gaggawa, domin asibiti ko makaranta, wanda zai taya motar maƙwabcinsa ne ko mai sayen tsohon ƙarfe, kowannensu kuma ya san a matse yake. Dillali ya riga ya karɓi la'adarsa ya tafi.

Gida ma yana iya zama abin fahariya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ya zaɓi gini ya zaɓi adalci. Ku zaga bayan garuruwanmu, daga Tashar Yari zuwa Paki, za ku ga kangaye masu ɗaki takwas da goma waɗanda ciyawa ta cinye, ƙadangaru suna shan rana a kan tagoginsu. Masu su sun fara abin da ya fi ƙarfinsu domin a ce wane ya yi gida, iyalinsu kuwa suna nan a haya. Akwai kuma wanda yake hana yaransa kuɗin makaranta da magani saboda bulo. Son a gani yana iya shiga siminti kamar yadda yake shiga mota. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ɗaki biyu da aka rufe aka shiga sun fi bene da ya tsaya a linta.

Haka kuma akwai wanda mota ce ta dace da shi. A ce mutum yana da ɗakunansa a gidan gado a Gubuchi ko Likoro, babu mai tashinsa, shi da kansa bakanike ne, yana kuma da aikin da ke kai shi daji kowane mako. A wurinsa tsohuwar mota kayan sana'a ce, kamar garma ga manomi ko keken ɗinki ga tela. In ya zauna ya yi lissafi a takarda, ya ga abin da za ta shigar ya fi abin da za ta ci, babu laifi a kansa. Saboda haka ba a ce mota mugun abu ce, gida kuma abu mai tsarki ba. Dukansu biyu dukiya ce, kowace kuma ana auna ta da halin da mai ita yake ciki.

Tsarin ƙauna

Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya kuma yi aikin bishop a Hippo cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi dogon tunani a kan irin wannan matsala. A ganinsa, yawancin kuskuren ɗan Adam yana fitowa ne daga ƙaunar abu mai kyau a wurin da ba nasa ba, a ɗora ƙarami a kan babba. Nagarta a wurinsa ita ce ƙauna mai tsari, wadda take ba kowane abu gwargwadon matsayinsa. Wannan koyarwa ta dace da zancenmu, domin ba ta tilasta wa ƙanena ya ƙi motar ko ya ji kunyar sonta. Abin da take nema gare shi shi ne ya jera abubuwan da yake ƙauna, ya ga wanne ne a gaba.

Jerawar kuwa tana farawa da kiran sha'awa da sunanta na gaskiya. Na lura cewa a cikin hujjoji huɗu da ya kawo, ta farko ce kaɗai ta sa muryarsa ta yi rawa. Sauran ukun daga baya aka nemo su, kamar shaidun da aka gayyato bayan an gama yanke shari'a. Haka zuciyar mutum take. Takan so abu tukuna, sa'an nan ta aiki hankali ya nemo dalili. Wanda ya ce, "Ina son motar nan domin tana tuna mini da ƙuruciyata, ina kuma so a gan ni a cikinta," ya faɗi gaskiya, ana iya tattaunawa da shi. Wanda ya lulluɓe wannan da rigar sana'a ya ruɗi matarsa, ya kuma fara da ruɗin kansa. Sha'awa halal ce, amma daga rara ake ciyar da ita, bayan an sauke abin da ya wajaba. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Kuɗin wane ne?

Ga inda nake ganin nauyin maganar yake. Ƙanena yana cewa "kuɗina," kuma a bisa doka nasa ne, gama albashinsa ne da amfanin gonarsa. Amma yaya aka yi kuɗin ya taru? Ya taru ne domin shekara shida uwargidansa tana auna tsaba da hankali, tana ƙara ruwa a miya, tana sa zane ɗaya bikin Kirsimeti uku. Ya taru domin yara huɗu suna kwana a ɗaki ɗaya, babbar kuma ta fara zama budurwa. Duk wanda ya yi haƙuri da rashi domin a tara wani abu, yana da rabo a cikin abin da aka tara, ko da ba a rubuta sunansa a littafin adashi ba. An kuma gaya musu dalilin haƙurin. An ce musu gida ake ginawa. Wannan alkawari ne, ko da ba a yi shi a gaban shaidu ba, sauya shi kuwa ba na mutum ɗaya ba ne.

Sa'an nan sai a tambaya: in lissafi ya ɓaci, a kan wa asarar za ta faɗa? In ƙanena ya rufe ɗakinsa, daga baya ya ga da ma motar ya saya, abin da ya rasa daɗi ne, shi kuma zai ɗauki rashin. In ya sayi motar, giyabos ya fashe a wata na uku, mai gidan haya kuma ya kawo takardar tashi, waɗanda za su kwashe tukwane a ka su ne matar da yaran da ba a nemi shawararsu ba. Ginin da aka bari babu rufi ma ba ya jira. Kowace damina ruwa yana shiga bulo, yana zaizaye abin da aka riga aka biya. Mutum yana da iko ya yi kasada da abin da zafinsa zai tsaya a kansa. Ba shi da iko ya yi kasada da inuwar waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Akwai kuma ranar da ba ma son ambata. Dukanmu mun ga abin da yakan sami gwauruwa da marayu in maigida ya rasu. Mota ita ce abu na farko da ake sayarwa da araha, ko wani dangi ya ɗauki makullinta da sunan zai kula da ita. Gidan da ke da takarda da shaidu ya fi wuyar ƙwacewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallakarsu bisa al'ada, a jiharmu kuwa hukumar KADGIS, wadda aka kafa a 2015, ita ce take kula da rajistar filaye. Mai hankali ba zai tsaya ga musafaha a gaban dagaci kaɗai ba. Zai nemi takarda, ya kuma nuna wa matarsa inda ya ajiye ta. Ma'aikacin gwamnati ya kamata ya binciki Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake zuba wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi, yake kuma ba da rancen gina gida a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Samun rancen yana bukatar haƙuri da cikakkun takardu, amma wanda ake cire masa kuɗin yana da hakkin ya tambaya.

Tsohuwa a ƙauye

Saura hujja guda, wadda ta fi sauran nauyi, watau mahaifiyarsa da rafin da ke cika. Girmama iyaye wajibi ne, tsoron kada ciwo ya kama tsohuwa da dare a watan Agusta kuma tsoro ne na ɗan kirki. Amma mu duba da kyau. In ciwon ya zo, motar tana Ikara, tsohuwa tana ƙauye, kuma babu tabbacin cewa injin mai shekara 40 zai tashi a daren da aka fi bukatarsa. Ɗakin da aka rufe a gari, kusa da asibiti, inda za a kawo ta ta yi damina tare da jikokinta, ya fi kusa da biyan wannan bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban da haka, bukatar ɗaukar mara lafiya ko mai naƙuda daga ƙauye bukata ce ta jama'a duka. Motar da ta ceci ƙanena yana yaro ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta hidima ce, mutane da yawa suka haɗa hannu aka saye ta, aka kuma riƙa zuba mata mai. In yana so ya biya wannan alheri, hanya mafi kusa ita ce ya tara mutanen ƙauye da ƙungiyoyinsu, a buɗe asusun gaggawa, a yi yarjejeniya da direban da ke da mota mai lafiya, a ajiye lambarsa a wurin mai unguwa da ungozoma. Abin da zai karya bayan malami ɗaya, gidaje hamsin suna iya ɗaukarsa ba tare da sun ji nauyi ba.

Abin da na gaya masa

Ban ce masa kada ya saya ba, gama ni ba ni na tara kuɗin ba. Na ce masa, "Ƙanena, ka yi abu biyu kafin ka koma Zariya. Ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da motar za ta ci a shekara, mai da taya da gyara da takardu, ka rubuta abin da kake da tabbacin za ta shigar, ban da abin da dillali ya faɗa. Sa'an nan ka zauna da uwargidanka bayan yara sun yi barci, ka karanta mata takardar, ka kuma gaya mata ainihin dalilin da ya sa kake son motar. In ta amince da zuciya ɗaya, ba don tsoron fushinka ba, ka dawo mu sake magana."

Bayan mako uku ya aiko mini da saƙo cewa kafinta ya fara aiki, suna fatan shiga kafin ruwan farko. Ya ce da ya ba uwargidansa labarin daren da aka ɗauke shi zuwa asibiti, ta yi shiru, domin shekara goma sha huɗu suna tare bai taɓa gaya mata ba. Ita ce ma ta ce in sun shiga gidan, sun huta da haya, a buɗe wani ɗan asusu dabam, ko da kaɗan-kaɗan ne, in motar tana da rabon zama tasu za su same ta ko wata irinta. Ya ce har yanzu in ya je Zariya yakan bi ta gaban garejin ya dube ta.

Ya ku 'yan'uwa, ba kowa ne yake mafarkin Land Rover ba. Ga wani babur ne, ga wani babbar waya, ga wata kayan ɗaki ko biki na gani na faɗa. Duk wanda yake riƙe da abin da iyali suka tara da haƙuri, ya tambayi kansa sunan abin da yake so, ya tambayi waɗanda suka yi haƙurin, ya kuma duba wanda ruwa zai doka in rufin bai samu ba. Allah ya ba mu hikimar sanin abin da ya kamata ya riga, ya kuma sa albarka a gidajenmu. Amin.